Ranar da Na'urar Safiyo Ta Ƙi Zama: Nazarin Guguwar Rana ta Mayun 2024 Daga Kaduna

Kawuna ɗan safiyo ne, ya fi shekara ashirin yana auna filaye a Kaduna da kewayenta. Ni kuwa malamin fiziks ne a wata sakandare, kuma ran Juma'a idan an tashi da wuri nakan bi shi daji in riƙe masa sanda, in samu na cefane. A irin wannan fita ce abin ya faru, ranar Juma'a 10 ga Mayu, 2024, a wani fili da ake yankawa fuloti-fuloti bayan Rigachikun, a kan hanyar Zariya.

Na'urar da Kawu yake aiki da ita ba irin GPS ɗin waya ba ce, wanda zai kauce da mita biyar a ce ba komai. Guda biyu ce. Ɗaya ana kafa ta a kan ƙafa uku a wurin da aka riga aka san lissafinsa, ba ta motsi, yaran aiki suna ce mata bes. Ɗayar tana kan sanda ana yawo da ita daga kusurwa zuwa kusurwa, ita ce roba, ba don da roba aka yi ta ba. Dukansu suna sauraren taurarin ɗan'adam iri ɗaya, na GPS daga cikinsu suna nisan kilomita 20,200 a sama. Tun da bes ta san inda take tsaye, tana gane yawan kuskuren da saƙo ya kwaso a hanya, sai ta aika wa roba ta rediyo cewa ta rage kaza. Idan lissafi ya zauna allo zai nuna fikis, kuskuren ba ya wuce santimita biyu ko uku. Idan bai zauna ba sai ya nuna fulot, wato na'urar tana lalube. Ɗan safiyon kirki ba ya dasa bikon, wato kankaren alamar iyaka, a kan fulot. Dabarar gaba ɗayanta ta jingina ne a kan zato guda, cewa saman da ke bisa bes da saman da ke bisa roba iri ɗaya ne.

Daga bayan la'asar aiki ya tafi sumul. Saura kusurwa huɗu a gama layin gabas, rana ta yi ja, sai yaron da ke riƙe da allo ya ɗaga murya ya ce, "Oga, ta ƙi zama." Kawu ya karɓa, ya duba batir, ya duba rediyon da ke haɗa na'urorin biyu, ya kashe ya kunna. Ta nuna fikis na ɗan lokaci, ta koma fulot, ta sake dawowa. Babu bishiya a kanmu, babu gini, babu hadari. Wakilin mai filin yana tsaye yana duba agogo, domin ran Lahadi masu saye za su zo ganin fulotansu. Ya ce, "Alhaji, a taimaka a dasa kawai, ai ga shi tana nunawa." Kawu ya yi jim, sannan ya yarda aka dasa bikon huɗun a duk lokacin da fikis ya leƙo. Muka yi sallar magariba a nan, muka tattara kaya.

Da safiyar Asabar, kafin a taɓa komai, Kawu ya yi abin da ya saba yi idan zuciyarsa ba ta kwanta ba. Akwai wani tsohon bikon gwamnati a bakin hanya wanda lambobinsa suna rubuce a littafinsa tun da daɗewa. Ya ɗora roba a kansa. Na'urar ta ce bikon ya matsa fiye da taku guda. Bayan rabin awa ya sake gwadawa, ta ce ya matsa wani ɓangaren daban. Kankare ne a binne, tun kafin a haifi yaron da ke riƙe da allon. Kawu ya ce a naɗe kaya, yau ba aiki. A mota ya kira wanda ya sayar masa da na'urar, ya wanke shi tas, ya ce ya haɗa shi da tsohuwar kaya da sunan sabuwa. Ni dai ina gefe ina latsa waya, sai na ga hotuna sun cika Facebook, sama ta yi ja da shunayya a Ingila da Jamus da kudancin Amurka. Na ce, "Kawu, a yi wa mutumin nan uzuri tukuna. Ruwa ba ya tsami banza, amma ina jin ba daga shagonsa tsamin ya fito ba."

Abin da ya taso daga Rana

A farkon watan Mayun nan wani tabo ya bayyana a fuskar Rana, masana suka ba shi lamba 3664. Faɗinsa ya ninka na duniyarmu kusan sau 15. Tabon rana wuri ne da layukan maganaɗisun Rana suka murɗe suka cukurkuɗe, kuma idan murɗewar ta yi yawa sai su tsinke, Rana ta yi aman wani curi na filasma, wato iska mai zafin da ya raba ƙwayoyinta suka zama masu caji. Daga 8 ga Mayu tabon ya yi ta aman nan a jere, kuma a lokacin yana fuskantar duniya sosai. Na baya suka riski na gaba a hanya suka haɗe. Ranar 9 ga wata hukumar NOAA ta Amurka mai lura da yanayi ta fitar da gargaɗin guguwar maganaɗisu mai mataki na huɗu, irin wanda rabonta da fitarwa tun 2005. Gaban curin ya iso duniya ran Juma'a da misalin ƙarfe shida na yamma agogon Najeriya. Lokacin nan muna layin gabas. Kafin gari ya waye guguwar ta kai mataki na biyar, ƙololuwar ma'aunin, karo na farko tun Oktoban 2003. Daga baya aka raɗa mata suna guguwar Gannon, don tunawa da Jennifer Gannon, masaniyar yanayin sararin samaniya da ta rasu 'yan kwanaki kafin hakan.

Ko ba aman, Rana ba ta daina hura iska. Eugene Parker ya yi hasashen wannan iska a 1958, mutane da yawa suka ƙi yarda, sai kumbon Mariner 2 ya tabbatar da ita a 1962. Iskar Rana tana tafiya ne da gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa guda, kuma tana ɗauke da maganaɗisun Rana tare da ita. A daren nan gudunta ya haura kilomita 700 a daƙiƙa, ta kuma yi kauri.

A aji mukan zana wa yara duniya da layuka masu kyau suna fita daga kudu suna shiga arewa, mu ce ga garkuwar maganaɗisu, narkakken ƙarfen da ke juyawa a cikin duniya, daga zurfin kilomita 2,900 zuwa ƙasa, shi ya samar da ita. Ba ƙarya muka yi ba, amma rabin zance ne, kuma ni kaina na daɗe ina koyar da rabin. Ƙarfen ciki yana sauyawa ne a hankali, cikin shekaru da ƙarnuka. Duk wani sauyi da ake gani cikin awa ko kwana, daga sama yake zuwa. Iskar Rana tana danne garkuwar ta ɓangaren da rana take, ta tsayar da bakinta a kimanin kilomita 65,000, wato ninki goma na nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta. Ta ɓangaren dare kuwa tana jan ta ta zama doguwar wutsiya da ta wuce inda wata yake. A ranar 10 ga Mayu dannewar ta yi tsanani har bakin garkuwar ya shigo ƙasa da kilomita 36,000, tsayin da taurarin sadarwa irin NigComSat-1R namu suke zama.

Amma ƙarfin bugu kaɗai ba ya haifar da babbar guguwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda maganaɗisun da iskar ta ɗauko yake fuskanta. A bakin garkuwa layukan duniya suna kallon arewa. Idan na iskar ma suna kallon arewa, sai su zame su wuce, kamar baƙon da ya tarar da ƙofa a kulle. Idan suna kallon kudu, layukan biyu sai su tsinke su ɗaure da juna, ƙofa ta buɗe, iskar ta ja layukan duniya zuwa wutsiya tana zuba ƙarfi a ciki. James Dungey ne ya bayyana wannan a 1961. A daren Juma'ar nan maganaɗisun iskar ya karkata kudu da ƙarfin da ya kai kusan nanotesla 50 (nanotesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), alhali a ranar lafiya dukkan ƙarfinsa bai fi biyar ko shida ba, kuma ya daɗe a haka. Kumbunan da ke gadi a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, irin su ACE da DSCOVR a lokacin, su ne suke fara ganin wannan karkata, kuma gargaɗin da suke bayarwa bai kai awa guda ba.

Hannun iskarmu a cikin lamarin

Nan ne zancen ya fi ba ni sha'awa, domin an saba ɗaukar iskar duniya a matsayin wadda aka zalunta kawai, Rana ta buga, ita ta sha. Ba haka ba ne. Daga tsayin kilomita 60 ko 80 zuwa sama, hasken Rana yana fizge elektron daga ƙwayoyin iska, sai wurin ya zama mai ɗaukar lantarki. Shi ake kira ayonosfiya. Duk wanda ya taɓa kama Rediyon Kaduna a gajeren zango, mita 49, yana can wani ƙauye a Nijar ko Kamaru, ya ci moriyarta, domin ita ce take mayar da muryar ƙasa maimakon ta ɓace a sama. Wutar lantarkin da guguwa take haifarwa a can nesa ba ta da inda za ta kammala zagayenta sai ta biyo layukan maganaɗisu ta sauko yankunan ƙarshen arewa da ƙarshen kudu, ta ratsa ayonosfiya, ta koma. Miliyoyin amfiya ne. Yadda ayonosfiya take karɓar wannan wuta, da sauƙi ko da tirjiya, yana daga cikin abin da ke tsara yadda garkuwar gaba ɗaya take juyawa.

Wutar tana dumama iskar saman, iska ta kumbura, kuma ƙwayoyin iskar oksijin masu caji su yi ta tsiyaya sama suna shiga garkuwar. Tun 1972 aka fara gano su a can. A lokacin babbar guguwa waɗannan ƙwayoyi sukan zama kaso mai tsoka, wani lokaci ma mafi rinjaye, na wani kogin lantarki da ke zagaye duniya ta yamma a nisan dubban kilomitoci, wanda ake kira zoben lantarki. Zoben nan maganaɗisunsa yana adawa da na duniya, don haka ƙarfin da ake aunawa a ƙasa sai ya ragu. Akwai ma'auni na musamman don wannan raguwa, sunansa Dst, ana haɗa shi a Kyoto daga tashoshi huɗu: Hermanus a Afirka ta Kudu, Kakioka a Japan, Honolulu, da San Juan. Da tsakar daren Asabar 11 ga Mayu ya sauka zuwa kimanin nanotesla 412 ƙasa da sifili. A guguwar Maris 1989, wadda ta jefa lardin Quebec na Kanada cikin duhu na awa tara, ya kai 589. Wato wani ɓangare na abin da ya raunana maganaɗisun duniya a daren nan, oksijin ɗinmu ne, irin wanda itatuwa suke fitarwa. Kuma iskar duniya ce take kashe guguwar daga baya: akwai siririn hayakin haidirojin da ya kewaye duniya har can nesa, ƙwayoyin zoben suna karo da shi su karɓi elektron, su rasa caji, maganaɗisu ya sake su. A haka zoben yake lafawa cikin kwanaki.

Me ya kawo Kaduna ciki?

Wannan ce tambayar da Kawu ya yi mini, kuma tambaya ce mai kyau. Ya ce, "To malam, ka ce a ƙarshen duniya wutar take sauka. Mu da muke tsakiya, ina ruwan biri da gada?"

Kaduna tana digiri goma da rabi arewa da ikwaita ta taswira. Amma akwai wata ikwaitar, ta maganaɗisu, layin da a kansa layukan maganaɗisun duniya suke kwanciya shamal, ba su nutsa ƙasa ba, ba su ɗaga sama ba. A nahiyarmu wannan layi bai bi ta tekun Gini ba, ya hauro arewa, ya ratsa arewacin Najeriya daf da Kaduna da Zariya. Muna zaune kusan a ƙarƙashinsa, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa jin labarinsa ba.

Kwanciyar layukan tana haifar da abin da babu shi a wasu wurare. Da rana zafi yana motsa iskar da ke tsayin kilomita 100 zuwa 110, iskar ta ja ƙwayoyi masu caji ta ratsa layukan maganaɗisu da su, daidai yadda janareto yake aiki. A kan ikwaitar maganaɗisu wutar da ke fitowa tana taruwa ta zama siririn kogi mai gudu gabas, faɗinsa kimanin kilomita 600. An fara lura da shi a tashar Huancayo ta ƙasar Peru, inda ma'aunin maganaɗisu yake tashi da rana fiye da ninki biyu na sauran wurare, kuma Sydney Chapman ya ba shi suna elektirojet a 1951. Ɗaya daga cikin manyan masanansa a duniya ɗan Najeriya ne, marigayi Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya yi ta aune-aunensa daga Ibadan. An kuma kafa na'urorin auna maganaɗisu na haɗin gwiwa da Jami'ar Kyushu ta Japan a Legas da Ilorin da Abuja saboda kogin. Kogin nan ne ma ya sa tashoshin Dst huɗun suke nesa da ikwaita, don kada ya gurɓata musu lissafi. Kowace rana ta Allah yana wucewa ta kanmu, yana ƙarfi wajen tsakar rana, ya mutu da dare.

Ƙarfin da ke tura kogin gabas shi ne kuma yake ɗaga filasmar da ke samansa. Tana hawa ɗaruruwan kilomitoci, sannan ta gangaro ta bin layukan maganaɗisu ta zube a gefe biyu, kimanin digiri 15 arewa da kudu, kamar famfon da aka buɗe yana fesa ruwa. A wajenmu tudun arewa yana can saman Sahara, na kudu yana saman teku. Saƙon tauraron da ke zuwa Kaduna a karkace dole ya ratsa waɗannan tuddai, kuma elektron ɗin da ya tarar a hanya suna jinkirta shi. Jinkirin nan shi ne babban kuskuren GPS, yana iya kai mita goma ko fiye kafin a gyara.

Bayan faɗuwar rana abin yana ƙara rikicewa. Daidai magariba ɗagawar takan yi wani yunƙuri na ƙarshe, a lokacin kuma ƙasan ayonosfiya yana ɓacewa saboda babu hasken da zai riƙe shi. Sai a samu mai kauri a sama, marar kauri a ƙasa, kamar a zuba ruwa a kan man gyaɗa. Marar kaurin sai ya ɓullo sama kumfa-kumfa. Saƙon da ya ratsa kumfar yana rawa kamar yadda tauraro yake ƙyalƙyali, har na'ura ta sake shi. Wannan yana faruwa a samanmu ko babu guguwa, musamman wajejen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, a shekarun da Rana take kan ganiyarta. Da na faɗi haka Kawu ya yi dariya ya ce shi ya daɗe da sanin na'urar ba ta son bayan magariba, ya ɗauka gajiya take yi.

Guguwa tana shiga wannan tsari ta hanya biyu, kuma su ne suka fi dacewa da abin da muka gani a kwana biyun. Ta farko mai sauri ce. Idan ƙofar garkuwa ta buɗe farat ɗaya, ƙarfin lantarkin da ke ƙarshen duniya yana kutsowa har ikwaita cikin mintuna, kuma a ɓangaren rana zuwa magariba yana ƙara wa ɗagawar ƙarfi. Guguwar ta iso ne ana saura ƙasa da awa guda rana ta faɗi a Kaduna, lokacin da samanmu ya fi saurin birkicewa. A nahiyar Amurka, inda guguwar ta same su da rana tsaka zuwa yamma, na'urar GOLD ta NASA ta ga tuddan biyu sun yi nisa da juna ƙwarai, har na kudu ya je ya haɗe da hasken orora, wato irin jan haske da shunayyan nan da na gani a hotunan Facebook. Hanya ta biyu tana ɗaukar awoyi. Iskar da ta dumama a ƙarshen duniya tana kwararowa zuwa ikwaita, ta zo da nata janareton wanda yake adawa da na kullum, ta kuma sauya haɗin iskar saman. Wannan shi ne rabon ranar Asabar. A duka biyun sakamakon ɗaya ne ga ɗan safiyo: ayonosfiya ta zama tudu da kwari, tana sauyawa minti bayan minti, gyaran da bes take aikawa ya daina dacewa da abin da roba take gani. Mafi muni shi ne lokacin da na'urar za ta zauna a kan lissafin da ba daidai ba ta nuna fikis. Fulot aƙalla yana faɗa maka gaskiya.

Ba mu kaɗai ba ne. A tsakiyar Amurka guguwar ta faɗo ana tsakar shuka, kuma taraktocin da ke bin layi da irin wannan dabara ta bes da roba suka riƙa kaucewa, manoma da dama suka tsayar da aiki. A sama kuwa kumburin iskar ya riƙa jan taurarin da ke ƙasa-ƙasa, dubbai suka yi ta gyara tsayinsu. Kamfanin Starlink, wanda farantansa suka fara bayyana a rufin gidajen Kaduna tun da ya shigo Najeriya a 2023, ya riga ya ɗanɗana wannan: a Fabrairun 2022 ya harba taurari 49, wata 'yar ƙaramar guguwa ta kumbura iska, 38 suka faɗo suka ƙone. Akwai kuma batun manyan layukan wuta. Saurin sauyin maganaɗisu yana cusa wata wuta a dogayen wayoyi da bututu, kuma a guguwar 2003 manyan tiransifomomi sun lalace a Afirka ta Kudu, ƙasar da ake ganin ta yi nisa da hatsarin. A ƙarƙashin elektirojet bugun farko na guguwa yakan fito da ƙarfi fiye da na maƙwabta idan ya zo da rana. Ƙasar da take da layin kilobolt 330 daga Shiroro zuwa Mando, ga bututun gas na kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano mai ratsa Kaduna, ya kamata a ce tana da masu sa ido a kan wannan.

Wani dattijo a masallacin unguwarmu ya ji a rediyo an ce garkuwar duniya ta girgiza, ya tare ni bayan isha ya ce, "Malam, to alƙiblarmu fa? Da kamfas muka daidaita ta." Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka." Ƙarfin maganaɗisu a Kaduna ya haura nanotesla 30,000, raguwar 412 ba ta fi kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. Kuma a wajenmu zoben lantarki yana rage ƙarfin ne ta layin arewa da kudu, bai cika juya allura gefe ba. Alƙiblar Kaduna tana kimanin digiri 67 daga arewa zuwa gabas, kuma ƙofar ƙarfen masallaci ta fi guguwar iya karkatar da kamfas ɗinsa. A can ƙarshen arewa ne allura take yin lilo na digirori a irin wannan dare.

Tabon bai tsaya a kanmu ba. Rana tana juyawa, cikin kwanaki ya zagaya bayanta, bayan ya yi wata walƙiya mai tsananin ƙarfi ranar 14 ga Mayu. Ranar 20 ga wata ya sake amai, wannan karon duniyar Mars ce a gabansa. Mars ba ta da maganaɗisun ciki da ya lulluɓe ta, nata ya mutu biliyoyin shekaru da suka wuce, sai ɓurɓushi a duwatsu. Abin da yake tare iskar Rana a can ayonosfiyarta ce da kanta: wutar da iskar take cusawa a cikinta ita take samar da 'yar garkuwa. Motar Curiosity da ke doron Mars ta auna tiririn da ya kai maikirogire 8,100, kwatankwacin hoton ƙirji 30 a asibiti, mafi yawa tun saukarta a 2012, kumbon MAVEN mai zagaya Mars kuma ya ga orora ta mamaye duniyar ko'ina. Shi MAVEN ɗin ya nuna tun 2015 cewa iskar Rana tana yashe iskar Mars da kimanin giram 100 a daƙiƙa. Zara matar wata ma haka take, ba ta da maganaɗisun ciki, ayonosfiyarta ce garkuwarta. Tabo ɗaya, iska ɗaya, amma abin da ya faru a kowace duniya ya bi irin iskar da take da ita a samanta da irin ƙarfen da ke cikinta.

Ranar Laraba 15 ga Mayu Kawu ya koma filin da safe, da na'urar nan dai, batir ɗin nan, bes a wurinta na da. Tsohon bikon gwamnati ya koma inda littafi ya ce yake, cikin santimita biyu. Kusurwoyin da aka dasa kafin ƙarfe shida na Juma'a duk suka fito daidai. Daga cikin huɗun ƙarshe, uku sun kauce, ɗaya har ya ci cikin fulotin maƙwabci, kuma an riga an nuna wa mai saye shi ran Lahadi. Aka tone su aka sake dasawa, Kawu ya biya kuɗin siminti da na lebura daga aljihunsa, ya kuma je da kansa ya yi wa mai sayen bayani tun kafin ya kawo bulo. A Kaduna rigimar taku guda a kan iyaka tana iya kai jikoki kotu. Ya kira mai shagon na'ura ya ba shi haƙuri, ko da yake bai gaya masa dalili ba, ya ce wa zai yarda da zancen tabon rana.

Abubuwa uku suka sauya a aikinsa. Yanzu yana ɗora roba a kan sanannen bikon kafin a fara da kuma bayan an gama, kowace rana, ba sai ya yi shakka ba. Ba ya dasa komai bayan ƙarfe biyar da rabi. Na kuma sa masa shafin NOAA a waya, na nuna masa ma'aunin Kp mai tashi daga sifili zuwa tara, na ce idan ya ga bakwai ya yi hattara.

Ranar Alhamis 10 ga Oktoba, 2024, ina cikin aji wayata ta yi ta ruri. Da na fito na kira shi. Ya ce, "Malam, abin naka ya nuna ja, sun ce mataki na huɗu yana tafe." Na ce haka ne, Kawu, wani aman ne ya taso shekaranjiya. Ya ce ya riga ya gaya wa yara su bar na'ura a akwati, gobe aikin zane za a yi a ofis, kuma wakilin mai fili yana nan yana ta kiransa bai ɗauka ba.